Lambobin Matattun Gwamnatoci

Ranar da kamfanin ruwa ya shaida wa Injiniya Maiwada cewa shekarunsa sun kai, ba za a sake sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba, an ba shi gahawa da dabino, aka yi masa godiya da irin dogon Larabcin nan da ake tanadar wa mai ritaya da kuma gawa. Bai yi musu ba. Wanda ya haura shekara ashirin a Riyad ya san baƙo raɓa ne, hantsi kawai ake jira. Aka buga masa huruj, bizar fita ba dawowa, da wa'adin da ba ya jin roƙo.

Kayan gidansa na unguwar Malaz ba su ba shi wahala ba. 'Yan uwa 'yan Najeriya suka yi ta zuwa taya shi da matarsa Hajiya Turai haɗa kaya, kowa kuma ya taya su da ɗauke abu guda. Firji ya bi wani direba. Na'urar sanyaya ɗaki ta bi wani likita da ya riga ya cika gidansa da irinta. Kujeru suka tafi da wata nas, tana sharar hawayen rabuwa tana nuna wa masu ɗauka inda za su kama. Kafin a ankara falo ya koma fili, sai darduma da durowar gilashi guda, wadda ba wanda ya nuna sha'awarta ko da wasa.

A cikin durowar lambobin yabo ne na soja, jere a kan baƙin karammiski. Na Tarayyar Sobiyet sun fi yawa, sai na Jamus ta Gabas, da Bulgariya, da Romaniya, da Yugoslabiya, da wasu 'yan tsiraru na Albaniya masu kama da an ƙera su cikin fushi. Jajayen taurari, guduma da lauje, zangarniyar alkama, bindigogi a gicciye. Duk gwamnatocin da suka buga su sun rantse za su dawwama, kuma duk sun riga Maiwada yin ritaya.

Shi ba ɗan gurguzu ba ne. A Karkof ta Tarayyar Sobiyet ya yi karatun injiniya da tallafin gwamnati, ya bi layin sukari cikin ƙanƙara, kuma a cewarsa duk wanda ya bi wannan layi ya warke daga gurguzu har abada. Sai dai yana can ƙasar ta ruguje. Ya ga tsofaffin da suka taɓa tarar tankokin Jamus da ƙirji suna tsaye bakin tashar jirgin ƙasa, sun shimfiɗa jarida, sun jera lambobinsu kusa da tsofaffin cokula. Ta farko daga hannun wani tsoho mai yatsu uku ya karɓe ta, jan tauraro na azurfa. Tsohon ya miƙa, amma bai saki ba sai da aka ɗan ja. Tun daga nan Maiwada ya shiga tara su, daga kasuwannin tsofaffin kaya, daga ma'aikatan jinya 'yan Bulgariya da ke aiki a Riyad, daga 'ya'yan da suka gaji akwatin uba ba su san abin da za su yi da shi ba. Marayu yake kiransu. Turai kuwa "ƙarafan nan naka" take cewa, in ranta ya ɓaci kuma ta ce gumaka.

Duk mai barin Riyad da kaya sai ya bi ta kasuwar Batha, duk mai bin Batha da Hausa a bakinsa kuma sai ya faɗa hannun Ɗanbala mai kargo. Shagonsa wani lungu ne tsakanin mai sayar da barguna da mai gyaran waya, cike da kwalaye har rufi, kowanne da sunan wata Hajiya da lambar wayar Kano. Maiwada ya kai masa lambobin a akwatin katako, kowacce a naɗe da auduga.

"Yallaɓai Injiniya! Ashe da gaske za a gudu a bar mu da zafin garin nan?" Ɗanbala ya ɗaga murfi, ya warware auduga ɗaya, ya mayar da sauri kamar ya taɓa garwashi. "La'ilaha illallahu. Wannan ai kayan soja ne."

"Sojan da ya ci ta, ƙasa ta daɗe da cinye shi."

"To ka je ka gaya wa na'urar kwastan. Yallaɓai, kwantena ɗaya ce, kayan jama'a ne a ciki maƙil. Na'ura ta hasko tauraro da bindiga, a sauke komai. Dabinon Hajiya Rakiya ya narke a rana saboda marayunka? Matar nan har gida za ta bi ni, kuma ta san gidan."

"To yaya ake yi?"

"Yadda aka saba. Mu cusa su a buhun abaya, a takarda mu rubuta maɓallai. Kayan tela. Wa zai ɓata lokacinsa a kan maɓalli?"

Maiwada ya cire tabarau ya dube shi da ido tsirara. "Mutum ya bar yatsunsa a filin daga, ni kuma in rubuta maɓalli."

"Ai ba shi zai karanta ba."

"Ni zan sa hannu."

"To sai saƙo," in ji Ɗanbala, ya tura akwatin da yatsa ɗaya zuwa gefen mai shi. "Ga masu umara nan suna komawa kullum. Ka ba kowa biyu ko uku ya jefa a jaka. Haka duniya take tafiya, Yallaɓai. Ni har haƙoran roba na taɓa aikawa Gusau ta hannun mutane, kuma sun isa lafiya. Mai ɗaukar dai ya ɗan gwada su a hanya."

Maiwada bai so ba, amma wa'adi na cin kansa. Ya zaɓi uku daga cikin waɗanda rashinsu ba zai kashe shi ba, ya ba Hajiya Delou, ƙanwar mahaifiyar Turai, 'yar kasuwa da ta biyo ta Riyad sarin turare kafin ta wuce Makka ta koma gida. Ta karɓa da bisimilla. Bahaushe ba ya ƙin saƙo. Abin da ba a faɗa shi ne, da zarar saƙo ya shiga jakarsa ya zama ɗan riƙo, zai yi masa tarbiyyar da ya ga ta dace.

Biyu suka isa Kano. 'Yarsu Sumayya ta turo hotonsu ta waya, suna walƙiya kamar sabon murfin tukunya. Duhun tsufa da ke jikinsu, wanda masu tara irin waɗannan kaya suke darajawa fiye da ƙarfen kansa, ya tafi. Ƙyallayen da ake rataya su da su, waɗanda suka koɗe a ƙirjin masu su, an yanke an ɗaura sabon koren zare.

Suruka ce, ba a ɗaga mata murya, ba a ma kiranta kai tsaye a kan irin wannan. Turai ta kira, ta buɗe muryar wayar, ta ajiye ta a darduma tsakaninsu.

"Inna, wai saƙon Abban Sumayya, uku ya bayar."

"Uku ne mana. Biyun na dirje masa su da toka da lemun tsami, sai da hannuna ya yi tsami. Ke ma Turai ban ji daɗinki ba. Kina cikin gida kayan mijinki su yi wannan baƙin?"

"To na ukun fa, Inna?"

"Mai kan mutum? Mai sanƙo da ɗan tsinin gemu? A Jidda na kwance na gani. Na nuna wa wani malami da muke tafe tare, ya ce ai shugaban masu cewa babu Allah ne. Ni Delou, na fito daga ɗawafi, in ɗauki kan wannan in ajiye kusa da zamzam ɗina? Na yi a'uzubillahi na jefa shi a kwandon shara. Ki ce masa ba sai ya yi godiya ba, ai ɗa ne."

Maiwada ya sunkuya wajen wayar ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya," da muryar da likita ke karanta mummunan sakamako. Da aka kashe wayar ya rufe akwatin katakon, ya ce saƙo ya ƙare, maɓalli kuma ba za a rubuta ba. Shi zai ɗauke su a hannunsa, ta ƙofar da kowa ke bi.

"Su kama ka," in ji Turai. "Ka yi zamanka lafiya a ƙasar mutane, ko tarar mota ba a taɓa yanka maka ba, ranar fita ka ƙare a hannun hukuma saboda guduma da lauje."

"Su kama."

"Ka san yadda ake kallon gurguzu a nan kuwa?"

"Na sani. Zan gaya musu abin da ke ciki da sunansa. In laifi ne a adana abin da jarumi ya bari, sai su rubuta."

"Jarumin wa? Mutumin da ko alwala bai sani ba."

"Ai ba limanci na ba shi ba."

Ta ce Allah ya shirya, ta tashi. Shi kuwa sauran kwanakin ya ƙarar da su yana zagaya falon da ba kowa, yana haddace jawabin da zai yi wa hukuma, da Larabcin littafi mai cikakken wasali. Akwai tarihi a ciki, akwai amana, akwai wurin da zai miƙa hannuwansa biyu a sa masa ankwa. Wurin nan ya fi so.

Ba a samu kujera a jirgi ba sai ranar da wa'adin ke cika, wata Juma'a da hantsi. A filin jirgi manyan akwatuna suka wuce ba magana. Na katakon ya shiga na'urar haska kaya, ya tsaya, ya dawo baya, ya sake shiga.

Jami'in da ke wurin matashi ne, an haife shi bayan duk gwamnatocin da ke cikin akwatin sun mutu. Ya ce a buɗe. Maiwada ya buɗe, ya gyara tsayuwa, ya ɗora jimlar farko a kan harshe. Matashin ya ɗauki jan tauraron ya jujjuya, sai ya yi murmushi.

"Ƙwallo?" ya ce da Larabci. "Kulob ɗin Rasha? Masha Allah, baffa, ashe tsohon ɗan wasa ne. Yalla, rufe ka wuce."

Turai ta sauke ajiyar zuciya ta kai hannu ga murfin. Maiwada ya dafe shi.

"Ba ƙwallo ba ne."

"Abban Sumayya," ta ce ƙasa-ƙasa da Hausa, "bawan Allahn nan ya ce ka wuce."

"Ɗan ƙwallo ya ce ya wuce. Ni ba ɗan ƙwallo ba ne." Ya juya ga jami'in. "Waɗannan lambobin yaƙi ne na gwamnatocin gurguzu. Wadda ke hannunka azurfa ce tsantsa, an ba wani mutum ita ne saboda..."

Ta mintsine shi a damtse. Bai tsaya ba. Jawabin da aka sha wahalar haddacewa ba a barinsa ya ruɓe a ciki.

Matashin bai san gurguzu ba, amma ya san yaƙi, ya kuma san azurfa. Murmushin ya ɗauke. Ya kira na gaba da shi.

Babban ya zo a hankali, mai furfura a gemu, da tafiyar wanda gwiwa ke damu. Ya sa aka zube lambobin a tire. Shi ya gane guduma da lauje. Ya dube su kamar yadda ake duban hoton wani fitinannen maƙwabci da ya daɗe da rasuwa.

"Shuyu'iyya," ya ce. "Wallahi an kwana biyu."

Iyakar abin da hukuma ta ce game da gurguzu ke nan. Maiwada ya tsaya da sauran jawabinsa a baki, da hannuwa biyu da ba wanda ya nema.

Babban ya shiga ware su da bayan biro, yana ɗaga wasu yana jin nauyinsu. Ya yi tsibi biyu. "Waɗannan tagulla ne, kwashe abinka. Waɗannan kuwa azurfa ce, wasu da zinare, ga su da yawa, kuma a akwati. Abin da ke akwati kaya ne. Kaya irin wannan sai an kimanta shi an ba ka takarda. Mai kimantawa kuma sai Lahadi."

"Huruj gare ni, yau yake cika. Ba ni da Lahadi a ƙasar nan."

"Ka bar su a ajiya, ka wakilta wani ya karɓa ya aika maka."

Maiwada ya ji kalmar wani, sai ƙanshin toka da lemun tsami ya bugi hancinsa. A tsibin da aka riƙe har da jan tauraron tsoho mai yatsu uku.

"Ba zan tafi in bar su ba."

"To jirgi zai tafi ya bar ka, ya shaihu. Gobe kuma ka zama wanda ya wuce wa'adi, maganarka ta bar hannuna."

Lasifika ta kira fasinjojin Kano. Maiwada ya jawo wata kujerar roba da ke gefe ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kafa wa tiren ido. Ga dukkan alama ya samu ankwar da yake nema, ko da kuwa shi ya ƙera ta da kansa.

Turai ta dube shi, ta dubi ƙofar da mutane ke bi. Larabcinta na kasuwa ne, ba wasali ba ado, amma bai taɓa barinta a hanya ba. Ta ɗaga hannu, warwaron zinare suka zubo zuwa gwiwar hannunta.

"Ya shaihu, wannan fa? Zinare ne. Ba ka tambaye ni takarda ba."

"Wannan adonki ne, ya hajja. Abin da ke jikin mace ba na tambaya."

"Duk abin da ke jikinta?"

Babban ya dube ta, ya dubi tiren. Sai ya ɗaga kai ya shiga nazarin rufin filin jirgin, kamar yau aka gina shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Hajiyoyin da ke sarin gwal sun daɗe suna hawa jirgi da sarƙa kan sarƙa har wuya ya ƙage, da zobe a kowane yatsa, duk a matsayin kwalliya. Turai ta ajiye jakarta ta ɗauki lamba ta farko.

Maiwada ya miƙe zumbur. "Ajiye. Ba a sawa. Wanda bai ci lamba ba ba ya rataya ta. Tunda nake ban taɓa manna ko ɗaya a rigata ba, ko ni kaɗai a ɗaki."

"Kai ne ba ka ci ba."

"Turai."

"A'a, ka saurare ni. Na bi ka Ajakuta, na zauna a gidan sauro ana jiran ƙarfen da har yau bai fito ba. Na biyo ka nan, na yi shekaru ina kallon titi ta taga. Na haihu ba uwa a kusa. Duk ranar Juma'a ni ke goge gilashin gumakan nan, kuma ban taɓa sa musu toka ba, alhali raina ya sha ba ni shawara. Mutanen naka yaƙinsu ya ƙare, an busa ƙaho kowa ya koma gida. Nawa har yanzu ba a busa ba."

Lambobi masu allura a baya suka hau abayarta ba gardama. Jan tauraron kuwa ƙusa gare shi mai zare, da noti, sai an huda tufa. Abayar sabuwa ce dal, ta saye ta ne don sauka Kano, dangi su san ba zaman banza aka yi ba. Ta zare allurar mayafinta ta huda yadin, ta murza ƙusar har ya yarda, ta zura hannu ta ciki ta ɗaure notin.

Lasifika ta sake kira. Can sai ga hannun Maiwada yana miƙo mata ta gaba, sannan ta bayanta, na Sobiyet tukuna kafin na Bulgariya, domin in dai ɓarna za a yi, gara a yi ta bisa tsari.

Da ta gama, ƙirjin abayar ya rine da ja da fari, ya rinjaya gaba saboda nauyi. Ta shiga ɗakin binciken mata tana ƙara kamar dokin biki, ta fito mai binciken na leƙo ta ta labule. Matashin jami'in ya rasa abin yi, sai ya ƙame ya sara mata. Babban bai ga komai ba, har yanzu rufi yake dubawa.

A layin shiga jirgi wata tsohuwa mai jarkar zamzam ta taɓa ta. "Hajiya, wannan kuma wane sabon yayi ne?"

"Na Rasha ne, Baba. Bai iso Kano ba tukuna."

Maiwada na biye da ita, akwatin katako a hammata ɗaya, jakarta ta mata a ɗaya hannun. Ya daure iya daurewarsa, sannan ya matso kusa da kunnenta.

"Jan tauraron a dama ake sa shi. Kin sa shi a hagu."

"Ranar da ka ci naka, ka sa shi inda ka ga dama."

"In mun zauna za ki cire in naɗe su. Gumi na ɓata azurfa."

"A Kanon ma sai na yi shawara," in ji Turai. Ta miƙa fasfo, ta gyara mayafi ta yadda ba zai rufe ko ɗaya ba, ta shige gabansa.